Itacen Roba a Ƙasar Gawo: Kirsimeti da Gardamar Asali a Damagaram

Idan Disamba ta kama a Damagaram, hunturu ya sauko, ƙura ta rufe duwatsun Birni, akwai 'yan kayan da ke ɓullowa a wasu shagunan gari: igiyoyin ƙananan fitilu masu ƙyafta ido, ƙwallayen roba ja da ruwan gwal, jar hula mai farin baki, da wani ɗan koren itace na roba da ke zuwa a kwali, ana sossoka masa rassa ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya da ƙafarsa. Masu sayen itacen ba su taka kara sun karya ba. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, na Zinder kuwa ɗan yanki ne na wannan: Hausawan da iyayensu ko kakanninsu suka bi 'yan mishan, da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya. Duk da haka 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance, kuma kowace shekara kafin ta zo wata tsohuwar gardama kan farka a tsakanin wannan 'yar jama'a. Wasu na cewa itacen nan da fitilunsa gadon maguzanci ne, Littafi Mai Tsarki ya hana. Wasu na cewa ado ne kawai.

Irin maganar da akan ji ke nan a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Matashi da waya a hannu ya rusuna gaban dattijo ya ce, "Baba, ni fa na karanta Irmiya sura 10. Itacen nan da aka kafa kusa da bagade, shi ake faɗa." Dattijo ya ce, "Ɗana, ka ga wanda ya durƙusa masa?" Yaro ya ce a'a, amma ai gidan Allah aka kawo shi. Daga nan kowa ya kama gabansa da tasa a ciki. Kowannensu na da ƙamshin gaskiya, shi ya sa zancen ya cancanci a bi shi daki-daki.

Irmiya ne sandar da aka fi ɗauka. Annabin ya rayu a ƙasar Yahuda wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, kuma a farkon sura ta 10 ya gargaɗi mutanensa kada su koyi hanyar sauran al'ummai. Ya kwatanta yadda ake sare itace a jeji, a ƙawata shi da azurfa da zinariya, a kafe shi da ƙusoshi don kada ya tuntsure. Duk wanda ya karanta zuwa nan, ya ɗaga kai ya ga itacen Kirsimeti yana walƙiya, dole gabansa ya faɗi. Sai dai surar ta ci gaba. Ta nuna cewa masassaƙi ne ke aikin itacen, cewa abin ba ya magana, ba ya tafiya sai an ɗauke shi, ba ya cuta ba ya amfani, don haka kada a ji tsoronsa. Can gaba ma har tufafi ake sa masa, shuɗi da shunayya. Siffar gunki ke nan, sassaƙaƙƙe, wanda ake roƙo ana tsoro. Annabi Ishaya ya yi irin wannan ba'a a sura ta 44, inda mutum ya raba gungume biyu, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, sauran rabin ya sassaƙa ya faɗi a gabansa yana neman ceto. Tsakanin Irmiya da itacen Kirsimeti na farko da aka samu a rubuce akwai shekara fiye da 2,000.

Sawun itacen mafi tsufa da ake iya bi yana yankin Alzas, kan iyakar Faransa da Jamus. A littafin kuɗin garin Selesta na 1521 an rubuta ladan da aka biya masu gadin daji don su tsare itatuwa a kwanakin da ke gab da Kirsimeti, alamar cewa jama'a sun riga sun saba shiga sara. Wani bayani na 1605 daga birnin Sitrasbur ya nuna ana kafa itacen a cikin ɗaki, ana rataya masa furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi. Tuffar nan ita ce bakin zaren. A Turai ta wancan zamani 24 ga Disamba ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u ce, akan yi wasan kwaikwayon fitarsu daga Aljanna, kuma babban kayan wasan shi ne koren itace da 'ya'ya a rataye. Masana tarihi da dama na ganin daga dandalin wasan nan itacen ya shiga gidaje. In haka ne, to daga littafin Farawa ya fito.

Gaskiya ne tsoffin Jamusawa sun girmama itatuwa. Wajen shekara ta 723 wani mai wa'azi ɗan Ingila, Bonifas, ya sa gatari ya kayar da wani ƙaton itace da suka keɓe wa gunkinsu na tsawa, ya gina ɗakin sujada da katakonsa. Amma tsakanin gatarin Bonifas da masu gadin dajin Selesta shekara kusan 800 ce, kuma babu takardar da ta ƙulla wannan da wancan. Mutanen Alzas na 1521 Kiristoci ne tun kaka da kakanni.

Abin da ya sa mutanen ƙasashen sanyi ke son koren reshe a Disamba ba sai an nemo tsafi za a gane shi ba, kuma Damagarawa sun fi kowa saurin ganewa, saboda gawo. Gawo yakan zubar da ganye da damina. Sai rani ya shigo, an cire amfanin gona, ciyawa ta bushe, sannan shi ya yi kore shar, awaki su taru a gindinsa suna tsintar 'ya'yansa. Duk wanda ya bi hanyar Matamaye ko Magarya a wannan wata ya gani da idonsa. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarki Tanimu hukunci mai tsanani ne a kan wanda ya sare gawo, kuma ba a taɓa cewa don haka sarkin bautar itace yake yi ba. A arewacin Turai, in ƙanƙara ta rufe ƙasa, itatuwa sun zama ƙirare, 'yan kaɗan ne ke riƙe ganyensu. Mai neman abin ƙawata ɗaki a lokacin, su ne kawai a gabansa.

Sauran labarin na yayi ne da kasuwa. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Bajamushe da 'ya'yansu sun kewaye itacen, masu hali suka kwaikwaya. A Faransa al'adar ta bazu sosai bayan yaƙin 1870, lokacin da mutanen Alzas da yawa suka yi ƙaura zuwa cikin ƙasar. Faransawan da suka kama Damagaram a 1899, suka mai da Zinder hedikwatarsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka koma Yamai, sun zo da Nowel ɗinsu, wato Kirsimeti, a cikin kaya. Fadar Paparoma kanta sai a 1982 ta fara kafa itacen a dandalinta. Yau kuwa mafi yawan kayan adon daga masana'antun Sin suke fitowa, musamman birnin Yiwu.

Inda masu suka suka fi samun wurin taka ƙafa shi ne ranar kanta. Linjila ba ta faɗi wata ko ranar da aka haifi Yesu Almasihu ba, wato Annabi Isa (AS), kuma babu inda ta ce a yi bikin haihuwarsa. Shaida mafi tsufa ta 25 ga Disamba tana cikin wata kalandar Rum da aka rubuta a 354, wadda jerin ranakunta ke komawa zuwa 336, kuma a cikin kundin nan ɗaya an nuna ranar a matsayin bikin gunkin Rana, wanda Sarki Aureliyan ya gina wa haikali a 274. Kwanaki kaɗan kafin nan Rumawa na shagalin Saturnaliya, na ciye-ciye da kyaututtuka da kyandir. Wasu masana na cewa Ikilisiya ta aza bikinta a kan na maguzawa don ta danne shi. Wasu na cewa lissafi ne kawai: Kiristocin farko sun ɗauka 25 ga Maris aka yi cikinsa, in ka ƙara wata tara sai ka faɗa 25 ga Disamba. Masana ba su daidaita ba har yau. Armeniyawa 6 ga Janairu suke nasu, Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu. Malaman Musulunci kuma, in zance ya zo nan, sukan kawo Suratu Maryam, inda aka ambaci nunannen dabino a lokacin haihuwar, su ce ai dabinon Falasɗinu ba cikin sanyi yake nuna ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan faɗa ɗan Afirka ne. Tartuliyan, malamin Kirista na birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya yi rubutu wajen shekara ta 200 yana caccakar 'yan'uwansa masu kunna fitilu da rataya ganye a ƙofofinsu ranakun bukukuwan Rum. A zamaninsa yana da hujja, domin Rumawa na da gumakan ƙofa da na dokin ƙofa, masu bautarsu na nan da rai, maƙwabcin da ya rataya ganye da nufi ya rataya. Shekara 400 bayansa, a 601, Paparoma Giregori ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila da akasin haka. Ya ce kada a rushe ɗakunan gumaka, a fid da gumakan a tsarkake ginin. Mutanen da suka saba yanka shanu don aljanu a bar su su yanka su ci suna gode wa Allah. Ra'ayoyin nan biyu ba wanda ya taɓa binne wani.

A 1647 majalisar Ingila, da take hannun masu zafin gyaran addini, ta soke Kirsimeti ɗungurungum, sai da sarauta ta dawo a 1660 bikin ya dawo. A Masacuset ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, wanda aka kama yana bikin tarar sule biyar ce a kansa. A Faransa ma, ranar 23 ga Disamba 1951, a gaban babbar majami'ar Dijon, an rataye mutum-mutumin tsohon nan mai jar riga da farin gemu aka banka masa wuta a gaban yara, da yardar limamai, bisa zargin ya ƙwace wurin Almasihu a bikin. Shaidun Jehobah sun bar Kirsimeti tun ƙarshen shekarun 1920. A Najeriya, Fasto William Kumuyi na cocin Deeper Life ya faɗa a fili cewa su ba sa yin bikin saboda suna ganin tushensa na gumaka ne. Zinder kuwa wuni ɗaya bai cika tsakaninta da Kano ba. Wa'azin da aka yi a can ba ya daɗewa bai iso nan ba.

Amma labarin da ya fi yawo a wayoyi, na Namarudu da Babila da Tammuz, wai itacen Kirsimeti alamar Namarudu ce da ya sake tohowa, daga littafi ɗaya ya samo tushe. Wani fasto ɗan Sikotlan, Alexander Hislop, ya wallafa shi a shekarun 1850 don yaƙar ɗarikar Katolika, kuma hanyarsa ita ce in abu biyu sun yi kama to lalle ɗaya ne ya haifi ɗaya. Kama da wane kuwa ba ta wane. Wani mai wa'azi Ba'amurke, Ralph Woodrow, ya gina nasa littafin a kan na Hislop a 1966, ya sayar da shi sosai. Da ya koma ya bi madogaran ɗaya bayan ɗaya ya tarar ba su faɗi abin da aka ce sun faɗa ba, sai ya janye littafinsa daga kasuwa, a 1997 ya rubuta wani yana warware na farko. Masu tura labarin Namarudu ba kasafai suke tura wannan ɓangaren ba.

Mai karatu Musulmi da ya kawo nan zai ji kamar ya san muryar, kuma ya santa. Damagaram ƙasa ce da ta yi mubaya'a ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, gardamar da ta shiga tsakanin Barno da Sakkwato a farkon ƙarni na 19 kuwa 'yar gidan wannan ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa sun ce masu yanka ga itatuwa da duwatsu, ko da suna salla, sun gauraya Musulunci da shirka. Shehu Laminu, wato Muhammadu al-Amin al-Kanemi, ya rubuta wa Muhammadu Bello cewa irin waɗannan al'adu saɓo ne da jahilci, ba su kai kafirci ba. Har ya kawo misalin birnin Dimyaɗ na Masar, garin malamai, inda akwai wani itace da talakawa ke yi wa irin abin da ake zargi, amma ba malamin da ya ɗaura musu yaƙi. Bello ya adana wasiƙun da amsoshinsa a cikin Infaƙul Maisuri. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 kuma, tambayar da ake yi wa masu Maulidi, wa ya umarce ku, ita ce tambayar da matashin can ke yi wa dattijonsa. Abin dariya ma, igiyar fitilun da ke kan itacen Kirsimeti ita ce dai ake gani a rumfar Maulidi, da ɗakin amarya, da teburin mai shayi. Daga kwali ɗaya aka ciro su.

Akwai labarai biyu da a ganina suka fi kowace hujja warware zancen asali. Na farko yana Littafin Ƙidaya sura 21: macizai suka addabi Isra'ilawa a jeji, Allah ya umarci Annabi Musa ya ƙera macijin tagulla ya ɗaga a kan sanda, wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Ɗaruruwan shekaru bayan haka, in ji 2 Sarakuna sura 18, Sarki Hezekiya ya farfashe macijin, domin mutane sun koma ƙona masa turare. Babu abin da ya fi macijin nan tsarkin asali, amma bai hana shi zama gunki ba. Na biyu yana cikin Tarihin Kano. Sarakunan Haɓe suna da wani abin tsafi mai suna Dirki, naɗaɗɗe cikin fatu, ana yanka masa shanu. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya gaji da ba da shanu ya sa aka sassare shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. A labaran nan biyu, turaren da aka ƙona da jinin da aka zubar su suka yi gunkin, ba a tambayi inda abin ya fito ba. In haka ne, tambayar da ta dace da itacen roba ita ce me ake yi a gabansa, me ake fata daga gare shi.

Wannan bai wanke komai da komai ba. Matashin nan da ya bar Irmiya ya buɗe Maimaitawar Shari'a, da ya fi samun abin riƙo. Sura ta 12 ta hana bincikar yadda al'ummai ke bauta wa gumakansu don a yi wa Allah irinta, sura ta 16 kuma ta hana kafa itacen gunkiya Ashera kusa da bagaden Ubangiji. Gaskiya ne ayoyin kan ayyukan ibada suke magana, kuma Littafi Mai Tsarkin nan ɗaya ya ce an zana itatuwan dabino da furanni a bangon haikalin Sulemanu, ya kuma umarci a ɗauki rassan dabino a yi murna a Idin Bukkoki. Amma sun isa su nuna cewa wuri yana da nauyi. Itace a kusurwar falo daban, itace a gefen bagade inda idon masu sujada ke fuskanta daban. Da ni ne dattijon, a nan zan sassauta wa yaron.

Wanda ya fi kowa zama a kan irin wannan matsala a Sabon Alkawari shi ne Manzo Bulus, kuma tasa ta fi ta itace tsanani, domin nama ce. A birnin Korinti naman da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa ragowar hadayar gumaka ne, asalinsa ba shakka a ciki, jiya-jiya aka yanka shi a haikali. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 8 zuwa 10, Bulus ya ce gunki ba komai ba ne, a sayi nama a ci ba sai an yi ta tone-tone ba. Amma ya hana zama a teburin gunkin, kuma ya ce in cin naka zai sa ɗan'uwa mai raunin zuciya ya yi tuntuɓe, ka bari, ko da kana da 'yanci. A Romawa sura 14 ya yi irin wannan hukunci a kan ranaku: wani na girmama wata rana, wani duk ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada mai yi ya raina mai bari, kada mai bari ya hukunta mai yi.

A nan ne zancen ya sauka Damagaram sosai. 'Yan mishan na Sudan Interior Mission sun fara aikinsu na Nijar a Zinder a 1924, kafin su buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, da asibitin Galmi a 1950. Cikin Hausawan da suka bi su akwai waɗanda suka fito daga gidan Musulunci, akwai waɗanda suka fito daga gidajen Anna, wato maguzawa. Ga mutumin da ya tashi yana ganin tsamiya a bayan gari an ɗaura mata farin ƙyalle, gindinta da busasshen jini da gashin kaza da 'yar ƙwaryar fura da aka ajiye wa mutanen ɓoye, itace da kaya a rataye a ɗakin ibada ba ƙaramin abu ba ne. Bai san Alzas ba, bai damu da Babila ba. Tsamiyar garinsu yake gani. Shi ne ɗan'uwan da Bulus ke nufi, kuma ba za a amsa masa da tarihin 1521 ba. Maƙwabci Musulmi ma yana da nasa abin tunawa, hadisin Zatu Anwaɗ, itacen da mushrikan Larabawa ke rataya wa makamansu don neman albarka.

Sai dai majami'un Hausa sun riga sun taɓa haye irin wannan kogi. Da yawa daga 'yan mishan na farko sun yi ɗari-ɗari da kiɗa, domin a wurinsu ganga da ƙwarya da goge kayan bori ne, kuma ba ƙarya suka yi ba, da su ake kiran iskoki. Yau ka shiga sujada ka ga zumuntar mata da ankonsu, wannan na buga bakin tulu da tafin hannu, waccan na kaɗa caki, ana waƙar yabo da Hausa, babu wadda iska ta hau. Kayan kiɗan nan sun fi itacen roba kusa da maguzanci nesa ba kusa ba, tunda masu bori na nan har gobe suna amfani da irinsu, amma jama'a ta karɓe su domin kowa ya san wa ake kira da su.

Abin da ya fi itace nauyi a gari irin Zinder shi ne mutum-mutumi. Al'adar kwaikwayon garken da aka haifi Almasihu ana danganta ta ga Faransis na Asisi, wanda ya shirya shi a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223 da sa da jaki masu rai. Daga baya aka koma ƙananan siffofi: Maryamu, Yusufu, jariri a komin dabbobi, makiyaya. A Wagadugu yara kan gina nasu da laka a ƙofar gida. 'Yan Katolika, waɗanda a Zinder suke ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001, suna cewa siffofin tunatarwa ce ga ido, ba a bauta musu. Majami'un da suka fito daga mishan kuwa suna kawo Fitowa sura 20, su ce a nisanci siffa tun kafin zuciya ta karkata. Wannan saɓani ya girmi itacen Kirsimeti da ɗaruruwan shekaru, kuma shi ne wanda maƙwabta suka fi lura da shi. Ni dai in za a yi ado, garken laka ya fi yi mini ma'ana a kan itacen roba da aka liƙa wa auduga wai dusar ƙanƙara ce, a garin da yara ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara na zuba ba. Baitalami ta makiyaya da jakuna ta fi kama da karkarar Damagaram a kan dazuzzukan Jamus.

Ba za a yi zancen abin da Kirista zai rataya a ƙofarsa a Zinder ba tare da an tuna da wuta ba. A Satumba 2012, bayan wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka, masu zanga-zanga sun afka wa majami'ar Katolika ta garin. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa a Zinder, washegari abin ya kai Yamai. Mutum goma suka rasu a garuruwan biyu, ɗaruruwan Kiristocin Zinder suka fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Ba itace ko fitila ne ya jawo wannan ba, fushin abin da aka yi a Amurka da Turai ne aka sauke a kan waɗanda ake ganin na Turai ne. Shi ya sa tambayar da ta fi damun mai tunani a cikinsu ba ta tsaya ga ko adon na maguzawa ne ba. Har da ko yana ƙara sa a ɗauke su baƙi a garin da aka binne cibiyarsu.

Maganar naman Bulus ma ta dawo, amma ta juyo da fuska. A Korinti Kirista ne ke tambayar wa aka yanka wa naman. A ƙasar Hausa, ranar Kirsimeti, in yaro ya shigo da kwanon shinkafa da nama daga gidan maƙwabta, uwar gida Musulma ce ke tambayar wa ya yanka. Gidajen Kirista da yawa sun daɗe da sanin wannan, don haka tun da safe akan kira Musulmi ya yi yankan, rago ne ko kaji, yadda in an rarraba abinci a unguwa kowa zai iya sa hannu, kamar yadda su ma ake aiko musu da naman layya in Babbar Salla ta zo.